Masu Gadin Shanya

Shekarar da aka yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa wani ƙaramin asibiti a yankin Bunkure, ni ma na nemi a mayar da ni wata makarantar 'yan mata a Kura. Aka amince da saurin da ya ba ni mamaki. Daga baya na gane cewa ba a yin dogon layi wajen neman barin birni. Ni da shi duk haifaffun cikin Kano ne, kuma abin da na sani game da Kura bai wuce abin da matafiyi ke hange ta tagar mota a hanyar Zariya ba: kwandunan tumatir a jere, buhunan shinkafa, da gonaki kore shar a lokacin da ko'ina ya bushe. Na sha koya wa ɗalibai noman rani a kan allo, har da zanen madatsar ruwa da 'yan kibiyoyi masu nuna inda ruwa ke bi. Zanena yana da kyau, an sha yabawa.

'Ya'yanmu biyu a lokacin. Babbar mace ce, ta shiga firamare, yarinya mai natsuwa wadda in ka ajiye ta da littafi za ka dawo ka same ta inda ka bar ta. Ƙaramin namiji ne, bai cika shekara uku ba, kuma tun ranar da ya gano amfanin ƙafafunsa bai sake yarda da zama ba. Ba ya gudu, ba ya ɓarna, ko kuka bai dame shi ba. Tafiya kawai yake yi, hannuwa a baya, kamar dattijon da ya fito duba gonar gado. In ya ga ƙofa a buɗe sai ya ɗauka gayyatarsa aka yi. A birni wannan bai taɓa tayar mana da hankali ba, domin lungunmu matsattse ne, kafin ya kai bakin titi sai ya wuce ƙofar gwaggo da ta kawu da ta mai ƙosai. Saboda shi ne, fiye da kowa a gidan, muke neman unguwar da za a iya renon yaro mai yawo ba tare da an rasa shi ba.

Wani abokin aikin maigidana ya haɗa mu da dillali, dattijo mai fara'a da tsohon babur. Na ce da ni za a je ganin gida. Maigidana ya ce bai taɓa ganin mace tana bin dillali ba. Na ce ni ma ban taɓa ganin namiji ya wuni a tsakar gida ba. Muka tafi tare. Ƙarshen damina ne, ruwan sama ya ɗauke, dawa ta sunkuya.

Gida na farko da ya kai mu yana cikin tsohuwar unguwa, inda mata ke sana'ar turara shinkafa. Tun kafin mu sauka daga adaidaita sahu hancina ya sanar da ni. Ana jiƙa shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ɓawo ba, ta kwana a ruwa, a dafa ta sama-sama a manyan ganguna, sannan a shanya ta bushe kafin a kai inji. Ruwan jiƙon yana da wani tsami da ba ya neman izini kafin ya shiga ɗaki, wutar kuma da ɓuntun shinkafa ake hura ta, hayaƙinsa ba ya tashi sama, yawo yake yi daidai tsayin fuskar mutum. A gaban gidajen akwai wani makeken fili, an shimfiɗe shi da tampol, shinkafa a baje kamar an yi wa ƙasa fenti ruwan zuma. A gefen kowace shanya tsohuwa ce zaune da dogon kara a hannu, tana korar kaji da awaki.

Kafin mu tsallake filin nan an riga an san komai. An tambaye ni 'yar wace unguwa ce a birni, 'ya'yana nawa, ni ce malamar asibitin ko mijin, me ya sa ban zo da yaran an gan su ba. Na amsa abin da zan iya amsawa ta cikin mayafin da na rufe hanci da shi. Gidan kansa ba laifi, akwai rijiya da bishiyar darbejiya. Amma na riga na yanke hukunci tun daga waje. Na raɗa wa maigidana cewa wannan ba unguwa ba ce, ofishin bincike ne mai hayaƙi.

Gida na biyu yana sabuwar unguwa a gefen gari, wajen da ake fita zuwa Bunkure. Gidajen bulo ne masu dogayen katangu, kowanne da baƙin get na ƙarfe. Masu su ma'aikata ne da 'yan kasuwa, da yawansu a Kano suke wuni. Ba hayaƙi, ba kaji, ba mai tambaya. Na tsaya a tsakiyar layin na saurara, ban ji komai ba sai kukan kurciya. Wadda ta tashi a gidan yawa ce kawai za ta gane yadda shirun nan ya shiga raina. Na hango kaina zaune da littafi bayan la'asar, ba wanda ya leƙo aron ludayi.

A ƙarshen layin, ba nisa da ƙofar gidan, akwai wani dogon rami mai faɗi da aka dabe gefensa da siminti. A bushe yake ƙayau, ciyawa ta fito a tsagoginsa, wata akuya tana tafe a ciki abinta. Na san irinsa. A birni lambatu muke ce masa, kuma duk ɗan birni ya san halinsa: da rani ya zama wurin zuba shara, da damina ya tumbatsa ya shiga gidajen mutane. Don haka na yi tambayar da duk uwa mai hankali za ta yi.

"Baba, wannan lambatun, da damina yana cika?"

"Da damina? A'a, Malama. Ɗan abin da ba a rasa ba dai. Ko akuya ba ya kai wa gwiwa."

Na dubi maigidana, ya dube ni, muka gyaɗa kai irin na mutanen da ba a cuta a ciniki. Na daɗe ina juya wannan amsa a raina, kuma har yau ban sami ƙarya ko ɗaya a cikinta ba. Abin da na tambaya shi ya amsa. Wanda aka haifa a nan ba zai taɓa kawowa a ransa cewa akwai baligin da ke buƙatar a gaya masa sauran ba.

Muka tare. Makonnin farko sun yi daɗi yadda na zata. Na jera littattafaina, na karanta wasu da na daɗe ina yi wa alkawari. Da safe in tafi da yaran makaranta, babbar ta shiga ajinta, ƙaramin ya zauna ajin rainon da ke kusa, da azahar mu dawo tare. Maigidana ya hau babur ya nufi Bunkure. Na rubuta wa ƙanwata saƙo a waya cewa na gano abin da ake nufi da kwanciyar hankali.

Wata safiya 'yata ta fita zubar da shara, ta dawo da kwandon a hannu bai zube ba.

"Umma, kogi ya zo."

"Wane irin kogi kuma da sassafe?"

"Wallahi kogi ne. Zo ki gani."

Na fita. Lambatun nan ya cika har kusa da baki. Ba ruwan sama, sararin samaniya tas, amma ga ruwa yana tafe, launinsa tsakanin kore da ƙasa-ƙasa, ba ƙara, ba kumfa, sai wani sauri na wanda ya san inda za shi. Na jefa kara, kafin in ƙifta ido ya yi nisa. Gefen simintin ya jiƙe ya yi santsi, a gangare yake, ba wurin kamawa ko ga babba. Can gaba na hango mutane da fatanya suna buɗe 'yan hanyoyin ruwa zuwa gonaki, suna ta raha. An sako ruwan noman rani. Ba lambatu ba ne, kanal ne, magudanar da ke ɗauko ruwa daga madatsa ta raba wa gonaki, ita ce dai mai kibiyoyin da nake zanawa a allo. Ranar da muka zo ganin gida an rufe ta ne don yashewa kafin shiga rani. A birni rami da damina yake cika. A nan sai damina ta tafi yake fara aiki.

Maigidana ya fito yana ɗaura agogo, ya tsaya kusa da ni ya daɗe yana kallo.

"Wannan ne lambatun naki?"

"Namu," na ce. "Kai ma ka gyaɗa kai."

Muna juyowa muka ga ƙaramin a bakin get, hannuwa a baya, yana kallon ruwan da irin sha'awar da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

Daga ranar rayuwar gidan ta koma kan sakata. Muka kira mai walda ya ɗaga ta sama inda hannun yaro ba ya kai. Ba a yi mako ba na same shi ya jawo kujera 'yar tsuguno yana gwada tsayinsa. Muka ɓoye kujerar, ya koma turmi. Ina girki kunnena na wajen get, ina sallah kunnena na wajen get, Allah Ya yafe mini. In mai ruwa ya shigo da kurarsa sai in tsaya a kansa har ya fita, kamar ina zarginsa da sata. Littattafan da na jera suka koma abin ado.

Na ce bari in shiga maƙwabta, ko a sami yadda za mu riƙa duba wa juna yara. Na bi gidajen layin ina buga get. Mutanen kirki ne, sun karɓe ni da lemo da fara'a. Amma duk wadda na yi wa maganar ruwa amsarta ɗaya: "Ai mu kullewa muke yi, Malama." A wani gidan na ga yara huɗu suna wasa a tsakar gida, ban taɓa sanin akwai su ba, alhali katanga ɗaya ta raba mu. A hanyar dawowa na sake tsayawa a tsakiyar layin na saurara. Shirun yana nan yadda na same shi ranar farko, sai dai yanzu na san da me aka yi shi.

Na fara yi wa maigidana maganar tashi. Bai ƙi saurara ba, amma yana da hujjojinsa, kuma ba na banza ba ne. Ya ce duk faɗin yankin nan babu unguwar da ruwa bai ratsa ba, ko Madobi muka koma za mu tarar da shi. Ya ce yaro girma yake yi, shekara ɗaya ko biyu zai san wuta ya san ruwa. Da na ambaci tsohuwar unguwa sai ya ce kullum yana ganin yaran irin waɗannan wurare a asibiti, daga mai tari sai mai ciwon ido, ga tsargiya ga masu wanka a kanal. "Ke da kanki kika toshe hanci," ya ce. Gaskiyarsa ce, na toshe ɗin.

Wata ranar Asabar ce, bayan azahar. Ina zaune a tabarma ina duba takardun jarrabawa, maigidana ya dawo daga masallaci ya kishingiɗa, 'yata tana wanke kwanuka. Ina cikin karanta amsar wata ɗaliba da ta mayar da hamadar Sahara kudancin Najeriya sai na ji gidan ya yi wani irin shiru da ya fi na kullum. Na ɗaga kai. Get a buɗe, ɗan kaɗan, daidai faɗin ƙaramin mutum. Har yau ni da maigidana ba mu daidaita a kan wanda ya bar sakatar ba. Shi ya ce ya sa bayan ya shigo, ni na ce da ya sa da na ji ƙararta. Mun bar maganar a hannun Allah.

Layin ba kowa. Na kira sunan yaron, katangu suka dawo mini da shi. Na buga get ɗin maƙwabta da tafin hannu, kafin a zo buɗewa na yi gaba. Muka isa bakin kanal tare da maigidana. Shi ya bi gefen da ruwa ke gangarawa da gudu, idonsa a cikin ruwan. Ni na kasa. Na ƙi kallon ruwan gaba ɗaya, kamar in ban kalla ba ba zai zama gaskiya ba. Ƙasa na duba. A kan gaɓar akwai 'yar siririyar hanya da manoma ke bi, wani ya ɗebi ruwa ya zubar ta jiƙe, a cikin laimar kuma ga sawun ƙaramin takalmi, ya nufi ɗaya ɓangaren, wajen gari. Na bi.

Ban san tsawon tafiyar ba. Abin da na sani shi ne hanyar ba ta fi faɗin tabarma ba, hagu ruwa, dama bayan katangun gidaje, ba taga ko ɗaya da ke kallon wajen. Yaro ɗan ƙasa da shekara uku ya bi duk wannan shi kaɗai, ba idon da ya gan shi. Sawun yakan ɓace inda ƙasa ta bushe, sai in ci gaba da addu'a har ya sake fitowa. A wani wuri ya karkata har bakin simintin, ya tsaya, ƙafa biyu a jere. Sannan ya dawo kan hanya.

Hancina ne ya fara gaya mini inda na iso. Tsamin jiƙo, hayaƙin ɓuntu. Hanyar ta ɓullo kan wata 'yar gada, ƙasanta kuma ga filin shanyar nan na tsohuwar unguwa. Ashe kanal ɗin ta bayansa ya wuce, ranar farko ban lura ba saboda gaɓar ta yi tudu. Ga tsofaffin nan a zaune da karansu. Kusa da wata doguwar tsohuwa mai baƙin zane, ga ɗana a zaune a kan buhu, an ƙulle gefen rigarsa da bakin zanenta, an ba shi guntun kara, kumatunsa cike da shinkafa.

Na gangara cikin filin. Na zauna a ƙasa inda nake.

"Ke ce uwar angon nawa?" in ji tsohuwar. "Sannu, surukata. Ku ba ta ruwa, ba ku ga ko takalmi ba ta sako ba?"

Sai a lokacin na duba ƙafata. Aka miƙo mini kofi, na sha, na sami bakin magana.

"Iya, a ina kika gan shi?"

"A kan gaɓa mana. Yana tafe hannu a baya kamar mai unguwa ya fito rabon gado. Na kira shi ya share ni, halin maza. Sai da na ce wayyo kaji za su cinye mini dukiya, sannan ya sauko da kansa."

"Allah Ya saka da alheri, Iya. Allah Ya..."

"Bar godiyar tukuna, ki ji ƙarata. Wannan miji nawa ba shi da amfani. Tun da ya zauna ko kaza ɗaya bai kora ba, shi ya fi kajin ɓarna. Dubi bakinsa."

Ta kusa da ita, wata gajeriya mai goro a kumatu, ta ce, "To ki sake shi mana, in ba kya so."

"In sake shi ya tafi wa? Ke? Da wane haƙorin za ki yi masa dariya?"

Suka kwashe da shewa. Ɗana ya dube ni ya miƙo mini shinkafar da ke hannunsa, ko alamar laifi babu a fuskarsa.

Na tambaye ta yadda aka yi ba ta aiko ba. Ta ce ta aika. Ta tsayar da wani mai babur ta ce ya je sabuwar unguwa gidan malama mai baƙin get. "Ya dawo ya ce mini duk get ɗin baƙaƙe ne. Na ce to a bari, uwa ba ta ɓata, za ta biyo sawu." Na ce ashe ta gane ni. Ta ce, "Ba ke ce kika zo ganin gidan mai darbejiya ba, kina rufe hanci da mayafi ruwan toka? Yaron ma goshinki ne da shi."

Can sai ga maigidana ya ɓullo ta kan gada, wani ya gaya masa. Wandonsa a jiƙe har ƙugu, ban tambaye shi abin da ya gani ya shiga ba, bai kuma taɓa faɗa mini ba. Ya tsaya yana kallon yaron.

"Likita, da kaya ake wanka a birni?" in ji Iya.

Maigidana ya matso. Ya durƙusa a gabanta ya gaishe ta, gaisuwa mai tsawo irin wadda ban taɓa jin ya yi wa kowa ba sai mahaifiyarsa.

Kafin mu tafi na ɗan zauna a cikinsu. A nan na lura da abin da ban gani ba ranar farko. Duk tsofaffin nan fuskarsu gefe ɗaya take kallo, wajen gaɓa. Ba don yaran mutane suka zauna haka ba. Awaki ne ke zuwa shan ruwa a kanal, in sun ƙoshi su gangaro kan shinkafa, don haka mai gadin shanya dole ta ba gari baya ta fuskanci ruwa. Tun hantsi har rana ta yi sanyi akwai idanu a kan gaɓar nan, idanun da suka saba gane duk wani ƙaramin abu mai motsi. Aikinsu suke yi. Yaro dai ya faɗo cikin aikin ne, shi da awaki.

Washegari da safe na sake tayar da maganar tashi. Maigidana ya fara jero hujjojinsa, amma a hankali, kamar mai karanta abin da wani ya rubuta. Da ya zo kan tari na ce, "Tari kuna da maganinsa a asibitinku. Wancan ruwan fa?" Ya daɗe yana juya shayinsa. Sannan ya ce in nemo lambar dillalin.

Gidan mai darbejiya an riga an kama shi. Sai da muka jira wani ya tashi a layin bayansa, gida ƙarami, ɗaki biyu, ba rijiya. Ranar da dillalin ya kai mu gani ya tsaya a bakin filin ya nuna gaɓa da haɓarsa.

"Malama, kin dai ga nan ma akwai lambatun."

"Na gani, Baba. Wannan karon da ruwansa na gan shi."

Ba zan ce tsohuwar unguwa aljanna ce ba. Duk abin da maigidana ya faɗa ya tabbata. Yaron ya yi tari, 'yata ta yi ciwon ido. Kayanmu suka ɗauki ƙaurin da ba sabulun da ke fitar da shi, har wata abokiyar aikina ta tambaye ni ko na fara sayar da ƙosai. Ƙaiƙayin shinkafa ya shiga tsakanin shafukan littattafaina, har yanzu in na buɗe wasu yakan zubo. Maganar wanka a kanal kuwa sai da maigidana ya kafa doka mai tsanani, ya kuma yi ta fama da iyayen layin a kan nasu yaran, wasu suka ji, wasu suka ce su ma a ciki suka girma. Sirri kuma na yi masa bankwana. An san ranar da na ƙona miya, an san ranar da muka yi saɓani da maigidana, an kuma ba ni shawara a kan duka biyun ba tare da na nema ba. Cikina na uku, Iya ce ta fara sanar da ni, a gaban jama'a, kafin in gama tabbatarwa da kaina. Akwai ranakun da na yi kewar shirun can har cikin ƙashina, ba zan ɓoye ba.

Gadin ma ba na kullum ba ne. In damina ta kankama, hadari na haɗowa ake naɗe tampol, filin ya zama ba kowa, sai in koma kan sakata. Amma a nan ne na ga gaskiyar dillali ta yi mini rana: a lokacin ne ruwan kanal ke ja baya. Ranar da ke sa a sako ruwa ita ce ke fito da shanya. Ruwan da masu gadinsa kusan tare suke zuwa, tare suke tafiya. Ba wanda ya tsara hakan saboda 'ya'yan malamai, amma na karɓa da hannu biyu.

Duk da haka na daɗe ban saki jiki ba. Mun tare da watanni ina kulle ƙofa kamar da, matan layin suna yi mini dariya, suna cewa Malama ta zo da kurkukunta daga sabuwar unguwa. Sai wata ranar Asabar, da rani, kanal a cike, na shimfiɗa tabarma na ɗauko takardun ɗalibai. Ƙaramin yana zagaye tsakar gida, hannuwa a baya. Na tashi na je bakin ƙofa, na ɗora hannu a kan sakatar, na tsaya. Daga nan ina jiyo muryoyinsu a fili, ana gardama a kan farashin buhu. Na sauke hannuna na dawo na zauna.

Ya ga ƙofar. Ya dube ni, na yi kamar ina karatu. Ya fita.

Layi ɗaya na takardar nan na karanta shi ya fi a ƙirga, ban fahimci ko kalma ba. Jan birona yana hannuna. Na ce a raina in na ƙara jin shiru kaɗan zan tashi. Sai ga muryar Iya ta taso daga can bakin fili, ta tsallako katanga, ta ratso hayaƙi.

"Angona! Ina za ka? Wallahi ka taka gaɓar nan na fasa auren! Zo nan ka kore mini wannan jar kazar!"

Na ji 'yar dariyarsa, na ji ƙarar kara a kan tampol, kaji suka watse suna kyarkyara. Na gyara zama, na sake duba takardar da ke gabana. Yarinyar ta zana madatsar ruwa, da kibiyoyinta, duk sun nufi inda ya kamata. Na ba ta makinta.